Rasuwar Takalmin Dama, Wanda Aka Ce Zai Saki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da ƙafar da har yanzu ba ta huce ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan shagona na kafinta, da ɗaukacin abokan farautarmu ta ranar Asabar, rasuwar Takalmin Dama, ɗaya daga cikin tagwayen takalman farauta da na saya a farkon fitar bana. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a bakin aiki, a gangaren rafi, bayan gajeruwar rayuwa da doguwar jinya. A tsaye nake rubuta wannan sanarwa a kan teburin aikina, tsakanin zarto da gwangwanin ƙusa, domin tun ranar zama ya ƙi ni. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in leƙa titi in dawo, ban san abin da nake nema ba.

Marigayin kyakkyawa ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Fatarsa ruwan ƙasa ce mai sheƙi, tsayinsa ya haura idon sawu, ƙasansa mai kauri ne da haƙora irin na tayar babbar mota. A iya zamanmu ƙaya ba ta taɓa ratsa shi ta same ni ba, raɓa ba ta taɓa jiƙa mini safa ba, tsakuwa ba ta taɓa shiga ta kwana a cikinsa ba. Ba ya zamewa a kan dutse, ba ya tsoron laka. Ranar da na fara sa shi, mutane ƙafata suke fara gaisarwa kafin su ɗago su ga fuskata. Magana ɗaya gare shi a duniya, wato "ƙiiƙ", kuma yana faɗinta a kowane taku cikin ladabi, ba ya ƙari ba ya ragi.

Ya zama dole in bayyana wa waɗanda ba su san ayarinmu ba abin da ya sa wannan rashi ya yi mini nauyi. Mu 'yan kaɗan ne, mota ɗaya ke kwashe mu, mu ajiye ta a gindin wata babbar bishiya a bakin daji, mu shiga da ƙafa. Ni ne mai gaba. Ni nake bin sawu, ni nake ɗaga hannu kowa ya tsaya cak, kuma ban taɓa sanin daɗin wani abu a duniya kamar wannan ɗaga hannun ba. A ayarinmu ba a korar kowa. In ƙafar mutum ta fara ja da baya, sai wata rana Shugaba ya miƙo masa makullin mota ya ce, "Riƙe mana wannan, ka kula da kaya." Shi ke nan, mutum ya zama mai gadin mota, kuma ba a taɓa jin wanda ya dawo daga wannan muƙami ba. Kawu, wanda ya koya mini bin sawu, shi ya riƙe makullin shekaru, yana zaune da rediyonsa yana jiran mu fito mu ba shi labari. Bana ɗansa ya ɗauke shi ya koma can wurinsa da zama, gindin bishiya ya zama babu kowa. Tun daga lokacin Shugaba ya koyi wata sabuwar ɗabi'a, ta kallon ƙafafun mutane in suna tafiya.

Na haɗu da marigayin ne a wani kanti mai kantoci har rufi, da 'yar kujera gajera ta gwaji, da madubi a jingine a ƙasa wanda ba ya nuna komai sai ƙafa. Da sassafe na je, ƙafata ba ta yi aikin komai ba, safar da ke jikinta kuma 'yar siririya ce ta zuwa kasuwa. Masana sun ce da yamma ake gwada takalmi, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta na yini, kuma da safar da za a yi aikin da ita. Masanan nan duk bayan na saya suka bayyana. Na hagu ya shiga ya zauna daram. Na dama ya shiga, sai na ji ya ɗan riƙe ni a gindin babban yatsa, riƙo mai taushi, kamar na mai son ya gaya maka wata magana a keɓe.

Na ce da mai kanti, "Anya wannan bai matse ba?"

Ya danna hancin takalmin da babban yatsansa, ya ce, "Haba Malam, fata ce fa, ba ƙarfe ba. Zai saki."

Wannan kalma ita ce ta raka marigayin tun daga kwalinsa har bakin kabarinsa, kuma ina roƙon masu ta'aziyya kada wanda ya furta ta a gabana.

A fitarmu ta farko ya fara nuna alamun rashin lafiya. Kafin rana ta take ya tayar mini da bororo a dunduniya, gindin yatsan kuma ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi. Na cije, na ci gaba, amma ƙafa ba ta iya rufa asiri. Mai gaba ya koma tsakiya, daga tsakiya ya fara jin numfashin na ƙarshe. Shugaba ya tsaya ya jira ni, bai dubi fuskata ba.

Ya ce, "Kafinta, lafiya dai ko?"

Na ce, "Takalmi ne, Shugaba. Sabo ne. Zai saki."

Ya ce, "To, Allah Ya sa ya saki kafin zabin su mutu da tsufa."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na ji ƙarar makullin a aljihunsa har muka fita daga dajin.

Daga nan aka shiga jinya, kuma ina shaida wa duniya ba a yi wa marigayin rowar magani ba. An fara da na gida. Aka ce in riƙa sa shi a cikin gida don ya saba da ni, na sa. Da shi nake zuwa shago, da shi nake dawowa, da shi nake zagaya tsakar gida bayan cin abinci, ƙiiƙ, ƙiiƙ, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo, daga bakin famfo zuwa ƙofar ɗaki. Maiɗakina ta jure kwana da kwanaki, rannan dai ta ajiye tsintsiya.

Ta ce, "Wai ni Malam, soja na aura ban sani ba? Ka zauna mana, kana sa ni jiri."

Na ce, "Jinya nake yi."

Ta ce, "To bari in ɗora maka ruwan ɗumi da gishiri ka tsoma ƙafar."

Na ce mata takalmi ne ba shi da lafiya, ni ƙalau nake, ta adana gishirinta. Ta ɗauki tsintsiyarta ta bi sawun lakar da na bari, tana magana ƙasa-ƙasa da wanda ban gani ba.

An gwada safa mai kauri, ya ƙara matsewa. An gwada siririya, ƙafa ta riƙa zamewa a ciki. An haɗa biyu, siririya a ciki mai kauri a waje, aka manna filasta a dunduniya tun kafin bororo ya fito, aka canza ɗaurin igiya ta yadda ta riƙe idon sawu tamau, dunduniya ta daina hawa da sauka. Gaskiya ɗaya ce, wannan ya yi aiki, dunduniyata ta warke sarai, kuma duk mai sabon takalmi ina ba shi wannan shawara kyauta. Amma gindin yatsan nan ya ce shi bai san zancen ba. Na tsallake rami ɗaya wajen zura igiya don in rage masa nauyi, na cusa auduga, na cire shimfiɗar ciki na sa wata, na goga sabulu. Kullum da safe sai in sa shi da kyakkyawan zato, kafin azahar ina tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe ina yanka katako.

Sai aka kai shi wurin mai gyaran takalmi na bakin titinmu, wanda ke zama ƙarƙashin lema da tarin takalman mutane a gabansa. Ya juya shi, ya shinshina, ya shafe shi da mai, ya cusa masa ƙafar katako ya ce in dawo jibi. Da na dawo ya miƙo mini shi yana ƙyalli, ya ce, "Yanzu kam, Baba, ka ba shi kwana biyu. Zai saki." Asabar ta zo, muka fita, na yi ɗingishi a ɓoye, irin wanda mutum ke yi yana dafa bishiya kamar mai duba sawu alhali hutawa yake. Dogo, wani matashi a cikinmu mai dogayen ƙafafu da ba su san gajiya ba, ya riƙa wuce ni yana dawowa yana cewa, "Baba, in taya ka duba gaban ne?" Yaron kirki ne, ladabinsa ne ma ya fi ƙona mini rai.

Daga nan ne jinyar ta fita daga hannun hankali. Wani maƙwabcina mai sayar da kayan sanyi ya rantse mini cewa in aka ɗura ruwa a leda, aka cusa a hancin takalmi, aka sa a firji, ƙanƙara za ta buɗa shi ta ciki ba tare da ya ji zafi ba. Na yi hakan a firjin gida ban yi shawara da kowa ba. Maiɗakina ta buɗe za ta ɗauko nama ta yi ido huɗu da marigayin a zaune a kan robar kifi, ledar ta fashe, ƙanƙara ta kama shi har wuya. Abin da ta faɗa a ranar ba zai shiga sanarwar rasuwa ba.

Da na ga na waje sun gaza, sai na ce ai ni ma mai sana'a ne. Na zaɓi katako mai tauri na sassaƙa ƙafa, na yi mata ƙulli a daidai inda yake cizona, na tsaga ta biyu, na zura a cikinsa, na kafa ɗan fegi a tsakiya na riƙa bugawa da guduma a hankali. A kowane bugu yana cewa "ƙiiƙ", amma muryar ta sauya, ta koma ta roƙo. Na ji ɗinkin gefensa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, na kawar da kai. Washegari na jiƙa shi a ruwan zafi, na sa shi a ƙafa da ɗuminsa na yi ta zagaya shago har ya huce, sannan na shanya shi a kan kwanon rufi rana ta gasa shi yini guda. Da na sauko da shi fatarsa ta yi fari-fari, ta tattare, gam ɗin da ke riƙe da ƙasansa ya fara leƙowa ta gefe. Ya daina cewa "ƙiiƙ". Daga ranar abin da yake faɗa shi ne "cakwal", can ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunyar a ji shi.

Ranar jajibirin fitarmu ta ƙarshe na gwada shi. Ya buɗe, har ƙafata tana yawo a ciki. Na taka, gindin yatsan ya amsa da zafinsa na kullum. Na ce tsohon ciwo ne bai gama warkewa ba, na ɗaure igiya na fita.

Ranar rasuwarsa ya yi aiki irin na jarumai. Mun sami sawun gada sabo fil tun daga bakin daji, na shige gaba, na ce yau ko ƙafar za ta guntule ba mai wuce ni. Muka bi ta cikin ciyawa, muka gangara rafi, Shugaba yana bayana, Dogo yana bayansa. Na hango ta a tsallake tana shan ruwa, na ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Na ɗaga ƙafar dama zan yi taku ɗaya na sanɗa. Laka ta riƙe ƙasan takalmin, samansa ya biyo ni. Ya buɗe baki tun daga hanci har dunduniya, ya ce "faɓ", da ƙarfin da bai taɓa magana da shi ba a rayuwarsa, kuma wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Gada ta ɗaga kai, ta ba mu baya, ko ƙurarta ba mu gani ba. Na tsaya da yatsuna a waje cikin safa, suna kallon jama'a.

Kowa ya zuba wa ƙafar ido. Can Dogo ya ce a hankali, "Baba, ya saki."

Waɗanda suka iya riƙe dariya suka riƙe, waɗanda suka kasa suka shiga bayan bishiya. Shugaba bai yi dariya ba. Ya durƙusa da kansa ya zaro ƙasan takalmin daga laka, ya juya shi, ya taya ni ɗaure gawar a ƙafata da igiya don in iya kaiwa mota. Da muka isa gindin bishiya na ga hannunsa ya shiga aljihun da makullin yake. Sai ya fito da hankici ya goge lakar hannunsa.

Ya ce, "Ashe da gaskiyarka, Kafinta, takalmin nan ne ya cuce ka. Ka nemo wani mai kyau. Asabar mai zuwa muna jiranka a gaba."

Haka marigayin ya tafi da laifin duka a kansa, ya bar ni da muƙamina. Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini buhu, har na yi wa maiɗakina wasa a bakin ƙofa.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa Takalmin Hagu, lafiyayye, ko ƙwarzane babu, wanda yanzu yake tsaye shi kaɗai a bayan ƙofa ba shi da sauran amfani a duniya. Ya bar igiya ɗaya mai laka, da safa ƙafa uku, da rabin kwalin filasta, da ƙafar katako mai ƙulli, da kwalin da ya zo a ciki, wanda maiɗakina ta riga ta gaje ta zuba zare da allura. Ya kuma bar yayyensa, tsofaffin takalmana na farauta, waɗanda suka yi shekaru suna bin daji da ni har fatarsu ta yi laushi kamar tsumma, na yi musu ritaya a ƙarƙashin gado saboda ƙasansu ya cinye.

Su na janyo shekaranjiya, na kakkaɓe, na ce bari in lallaɓa da su kafin in sami sabo. Waɗannan takalma sun san kowane lungu na ƙafata, ba su taɓa ce mini uffan ba. Na sa na hagu, lafiya. Na sa na dama, na miƙe, na yi taku zuwa bakin famfo. Ya cije ni a gindin babban yatsa, a daidai wurin, da irin zafin. Na cire na sa silifas, na taka, zafin yana nan. Na cire silifas ɗin na taka siminti da tafin ƙafata, yana nan. Sai na zauna a bakin famfon na ɗora ƙafar a gwiwa na dube ta da kyau, abin da ban yi ba tun farkon jinyar nan. Ƙashin gindin yatsan ya turo waje, yatsan ya karkata ya jingina da na kusa da shi, gaɓar ta kumbura ta yi jawur. Ƙafar mahaifina ce sak, a shekarun da ya fara neman sanda.

Ni kafinta ne. In aka kira ni aka ce ƙofa tana ci, nakan fara duba ko ginin ne ya zauna kafin in sa mata ƙarfe, don in bango ya karkata ko ka fere ƙofar har ta ƙare ba za ta rufu daidai ba. Wannan na sani tun ina yaron shago, amma da abin ya zo kan ƙafata sai na kama ƙofar na yi ta ferewa. Laifi tudu ne. Marigayin lafiyarsa ƙalau ya zo duniya, gaskiya kawai yake gaya mini tun a kanti, ni kuma na bi shi da ƙanƙara da guduma da ruwan zafi don ya yi shiru. Raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Maiɗakina ta same ni a wurin. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake na ga maganar ta zo mata har baki. Ta ce, "Gobe sai asibiti, Malam. In ka ƙi, ni zan kai ƙafar in bar ka a gida."

Mun je. Likita ya ce ana lallaɓa irin wannan, akwai takalma masu faɗin baki, akwai magani, zan yi tafiyata ta yau da kullum har in tsaya a shago. Da na tambaye shi yinin daji da hawa da gangara, sai ya cire tabarau ya fara zance mai tsawo, na gane amsar tun kafin ya kai ƙarshe. Zan iya sayo wani sabon takalmin in sa a gaba, in ce wa Shugaba sabo ne, zai saki, in ci bana da wannan. Na yi ta zagaya shagon nan ina auna hakan, har maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko wani abu na yar. Amma wanda ya kashe takalmi ɗaya a kan ƙarya bai kamata a ba shi amanar na biyu ba, kuma mai gaba in ya ja, ayari duka yake ja.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa da safe, a gindin bishiyar da muke ajiye mota. Za a sa marigayin tare da ƙasansa da aka zaro daga laka, a cikin akwatin da na haɗa masa da hannuna, na kuma ba shi faɗi sosai don kada ya matsu. Takalmin Hagu ya nemi a haɗa su, an amince. Ba a karɓar gudummawar magani, ko mai, ko leda, ko sunan wani ƙwararren mai gyara. Masu ta'aziyya daga nesa su yi daga inda suke, mai kanti kuma an yafe masa.

Ba a buƙatar jama'a su tsaya har a gama. Da an sauke akwatin, Dogo ya shige gaba, ya riƙa duba ƙasa fiye da yadda yake duba sama, kuma in ya ɗaga hannu kowa ya tsaya masa kamar yadda ake tsaya mini. Shugaba kada ya wahalar da kansa neman kalmar da zai faɗa, ya ajiye makullin a kan akwatin kawai, zan ɗauka. Ni zan rufe ramin, ni zan zauna da mamacin har ku fito.

Wanda motar ta fara biyawa ta ƙofarsa, don Allah ya taho mini da kujera.